Kashi 20 na Soja, Kashi 70 na VA: Yadda Iyalin Wani Saje Suka Rasa Katin Asibiti a Amurka

Takardar da ta raba iyalin Saje da katin asibitinsu ba ta da yawa, kuma da murnarsa ya sa mata hannu. A 2021 ne. Abin da idonsa ya tsaya a kai shi ne kuɗin sallama, wajen dala 96,000 a dunƙule, kuɗin da bai taɓa riƙe irinsa ba tun da ya zo duniya. Layin da ke ɗauke da "kashi 20" kuwa ya karanta ya wuce.

Saje muke ce masa, kamar yadda kowa ke kiransa a masallaci, kuma shi da uwargidansa ne suka yarda a ba da labarin ba tare da suna ba. Bakano ne. Ƙuri'ar biza ta kawo shi Amurka a 2007, ya shiga sojan ƙasa a 2009, ya zama makanikin manyan motoci, aka kai shi Afganistan a 2012. 'Ya'yansu uku, na tsakiyan mai sikila ne. Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo ta zauna da su daga baya. Shekara 12 yana aiki, iyalin nan ba su taɓa sanin kuɗin ganin likita ba, domin TRICARE, inshorar lafiyar sojoji, ta ɗauke musu komai. Yaron ya kwanta asibiti sau da yawa, ba a taɓa aiko musu da takardar bashi ba.

Bayansa ne ya fara gazawa. Ya ji ciwon a garejin bariki, a nan cikin Amurka, wajen ɗaga wani ƙarfe, kuma wannan bayani zai dawo ya cije shi nan gaba. Da ciwon ya hana shi aiki aka tura shi gaban kwamitin likitoci, daga nan zuwa kwamitin da ke yanke ko soja zai iya ci gaba da aiki. A nan ne lamba biyu ke fitowa, kuma mafi yawan mutanenmu ɗaya suke ɗauka. Soja na duba ciwon da ya hana ka aikin soja kaɗai. VA, wato ma'aikatar tsofaffin sojoji, tana duba duk ciwon da aikin ya jawo maka, ko ya hana ka aiki ko bai hana ba. Lambar VA ita ke yanke kuɗin da za ka riƙa karɓa duk wata. Lambar soja ita ke yanke ko matarka da 'ya'yanka za su ci gaba da ganin likita.

Iyakar ita ce kashi 30. Wanda soja ya ba kashi 30 ko fiye, an yi masa ritayar rashin lafiya ke nan: fansho, katin shiga bariki, da TRICARE ga shi da iyalinsa. Wanda aka ba ƙasa da haka, kuma bai cika shekara 20 ba, sallama ce: a ninka albashinsa na asali na wata sau biyu, a ninka da shekarun aikinsa, a ba shi, a yi ban kwana. Albashin Saje wajen dala 4,000 ne, sau 2, sau 12. Ga inda 96,000 ta fito.

Abin takaicin shi ne ciwon bayan ba shi ne babban ciwonsa ba. Tun dawowarsa daga Afganistan ba ya barci. Ƙarar ƙofa na sa shi zabura, ba ya iya tsayawa a sahun tsakiya ranar Juma'a sai a bakin ƙofa, kuma akwai daren da uwargidan ta same shi zaune a mota da ƙarfe uku yana zufa. An yi ruƙiyya, an aiko da rubutu daga gida, an yi sadaka. Duk an yi, ban da abu ɗaya: bai taɓa faɗa wa likitan bariki ba. Kunya ce, da tsoron kada a ce ya taɓu, da tsoron a hana shi ƙarin girma. Sai a gwajin ƙarshe, da likitan VA ya yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, maganar ta fito. VA ta ba ciwon firgicin kashi 50. Amma a fayil ɗinsa na soja babu ko layi ɗaya da ke cewa firgicin ya taɓa hana shi aiki, don haka kwamiti bai lissafa shi cikin abin da ya gazar da shi ba. Alhali doka ta ce idan ciwon ƙwaƙwalwa da wani mummunan abin da ya faru a bakin aiki ya jawo shi ne sanadin fitar soja, ba a fara shi da ƙasa da kashi 50. Da an rubuta, da ritaya ce.

Yana da damar ƙin amincewa. Akwai lauyan soja kyauta, akwai damar neman wani likita daban ya sake duba fayil, akwai zama gaban kwamiti ido da ido. Kwanakin da ake bayarwa a yi zaɓi kaɗan ne, kuma mutumin da ya gaji da jeka-ka-dawo, ga kuɗi a gabansa, ba ya son ƙarin watanni. Uwargidan ta ce ta tambaye shi a daren, "Maigida, asibitin yaron nan fa?" Ya ce mata ai VA na nan. Da gaskiyarsa ya faɗa, haka ya ɗauka.

VA na nan, amma don shi kaɗai. Mai kashi 50 ko fiye yana cikin rukuni na farko a asibitocin VA, ba ya biyan ko sisi na magani ko na ganin likita. Matarsa da 'ya'yansa ba sa ciki.

Lissafin VA ma sai da ya ba shi mamaki. Firgici 50, baya 20, gwiwa 10, ƙarar da ba ta barin kunne 10. Kowane ɗan firamare zai ce 90. VA ta ce 70. Dalili shi ne ba tarawa ake yi ba, ana ɗaukar mutum a matsayin lafiyayye kashi 100 ne a riƙa gutsura. An cire 50, saura 50. Kashi 20 na wannan ragowar 10 ne, an kai 60. Kashi 10 na 40 da ta rage 4 ne, an kai 64. Kashi 10 na 36 ya kai shi wajen 68. Sai a ƙarshe a kai lambar ga goma mafi kusa, ta zama 70. Shi ya sa hawa daga 90 zuwa 100 ya fi hawa daga sifili zuwa 50 wuya, kuma a nan ne kuɗin ya fi tazara: a 2025 mai kashi 70 da ba shi da kowa yana karɓar dala 1,759.19 a wata, mai 90 yana karɓar 2,297.96, mai 100 kuma 3,831.30. Ba a cire haraji a ciki. Daga kashi 30 ake ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya, amma sai ka cika fom 21-686c ka shigar da su, ba a yi maka da ka.

Sai kuɗin sallamar. Ba kyauta ba ne, kamar bashi ne marar ruwa: VA na rage kuɗin wata, gwargwadon rabon ciwon da aka sallame ka a kansa, har sai ta maido da shi. Wanda ya ji raunin a fagen yaƙi ne ba a cire masa. Bayan Saje a garejin bariki ya lalace, don haka ana cirewa. Kafin ya gane haka, rabin kuɗin ya tafi ga fili a gida da biyan bashin mota.

Bayan sallama an ba iyalin kwana 180 na TRICARE na riƙon ƙwarya, abin da ake kira TAMP, wanda ake ba waɗanda aka fitar ba da son ransu ba kuma da mutunci. Wata shida ne da ke yaudara, domin katin na aiki kamar da, mutum ya manta akwai ranar ƙarewa. Daga ranar da ya ƙare agogo uku ke fara tafiya. Kwana 60 na sayen CHCBP, inshorar da ke ci gaba da kusan irin TRICARE har wata 18, sai dai tana da tsada, a 'yan shekarun nan ta haura dala 4,000 duk wata uku ga iyali. Kwana 60 na shiga inshorar kasuwar gwamnati ba tare da jiran lokacin rajistar shekara ba. Kwana 30 na shiga inshorar wurin aikin mata ko miji, in akwai. Saje na can yana fama da neman aiki da rashin barci, uwargidan kuma ba ta taɓa ganin takardun ba, domin a gidan, kamar gidajenmu da yawa, wasiƙa ta maigida ce. Duka ukun suka wuce.

A wata na tara bayan sallama ciwon yaron ya tashi cikin dare. A sashen gaggawa aka duba katin aka ce ba ya aiki. An karɓe shi, domin doka ta hana asibiti korar mai buƙatar gaggawa, ya yi kwana huɗu, amma takardar kuɗin da ta biyo baya ta sa uwargidan zama a ƙasa.

Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a asibitin ce ta fitar da su, da tambaya ɗaya: nawa ne kuɗin shigarku in an cire na VA? Saje ya daɗe yana ɗauka cewa kuɗin VA ya sa sun fi ƙarfin Medicaid da CHIP, inshorar da jihohi ke ba masu ƙaramin ƙarfi da yara. Ba a lissafa kuɗin nakasa na VA a wannan ma'auni, haka ma wajen rangwamen inshorar kasuwa. Kuma su waɗannan ba su da lokacin rajista, ko yaushe ana nema, sannan a jihohi da yawa Medicaid na iya komawa baya har wata uku ta biya abin da aka riga aka kashe. Yaran uku suka shiga, aka biya kwanciyar. Wannan shi ne abin da muka fi ganin mutanenmu na asara a kansa, kuma ba komai ke jawo shi ba sai jin nauyin a ce tsohon soja na neman taimakon gwamnati.

Daga ranar uwargidan ta karɓi fayil. Ta sayi babban kundi, ta raba shi gida-gida: takardar sallama DD-214, wasiƙun VA bisa kwanan wata, takardar aure, takardun haihuwa. Ita ce ta kai Saje ofishin ɗaya daga ƙungiyoyin tsofaffin sojoji. DAV da VFW da American Legion duk suna da wakilan da VA ta amince da su, kuma kyauta suke cika takardu. Akwai kamfanonin da ke talla a intanet suna cewa za su kai ka kashi 100 in ka ba su kuɗin watanni biyar ko shida na ƙarin da ka samu. A guje su. Doka ba ta yarda a karɓi kuɗi a kan buƙatar farko ba, kuma wanda VA ba ta amince da shi ba ba shi da hurumin wakiltar kowa.

Wakilin ya fara da fom 21-0966, takardar sanar da niyya. Shafi ne ƙarami amma yana riƙe maka kwanan wata har shekara guda, ta yadda in an amince, daga ranar za a lissafo maka kuɗin baya, ba daga ranar da ka gama tara hujja ba. Sannan ya tambayi Saje ko yana tari. Yana yi, tun Afganistan, inda ake ƙona shara da roba da man mota a manyan ramuka kusa da inda suke kwana. Dokar PACT da Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022 ta sauƙaƙa wannan: wanda ya yi aiki a Afganistan daga 11 ga Satumba 2001, ko Iraƙi da Kuwait da Saudiyya da makwabtansu daga 2 ga Agusta 1990, in likita ya tabbatar yana da asma ko ciwon hanci mai daɗewa ko wasu nau'o'in daji, ba sai ya kawo hujjar cewa aikin ne ya jawo ba. A sauran cututtuka abu uku ake nema: ciwon da likita ya tabbatar yanzu, abin da ya faru a bakin aiki, da ra'ayin likita da ya haɗa su biyun. Ƙafa ɗaya ta ɓace, buƙatar ta faɗi.

Ranar gwajin VA uwargidan ta yi masa gargaɗi tun a mota. Ɗabi'armu ce in an ce ya jiki a ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da mutum na mutuwa. Likitan gwaji kuwa abin da ka faɗa yake rubutawa. Godiya ga Allah na nan a zuciya, amma a ɗakin nan sai a faɗi yadda mafi munin ranaku suke: sau nawa a mako, awa nawa na barci, aiki nawa aka bari. Ita ma ta rubuta nata bayanin abin da take gani a gida, kuma VA na karɓar irin wannan shaida daga iyali. Wanda kuma bai je gwajin ba ba tare da sanarwa ba, ana iya ƙin buƙatarsa a kan haka kawai.

Asma ta samu 30, firgici ya hau 70. Da lissafin gutsura aka kai 87, aka mayar 90. Har yanzu babu komai ga iyali, domin 90 ba ta buɗe ƙofar CHAMPVA, inshorar lafiyar da VA ke ba mata da 'ya'yan tsohon soja mai cikakkiyar nakasa. Abin da ya buɗe ta shi ne fom 21-8940. Wanda ciwon aiki ya hana riƙe aikin da zai ci da kansa, in yana da ciwo ɗaya mai kashi 60, ko jimillar 70 da ɗaya a ciki mai 40, ana iya biyansa kamar mai 100. Saje ya bar aiki uku cikin shekara biyu, kuma takardun wuraren sun nuna dalili. Aka amince, aka kuma rubuta cewa nakasar cikakkiya ce ta dindindin. Kalmar dindindin ɗin ita ce mabuɗi. Mutum na iya samun 100 ba tare da ita ba, iyalinsa ba su samu komai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi: in wasiƙar ta ce iyali sun cancanci tallafin karatu na babi na 35, to an rubuta ta. Farashin wannan hanya kuwa shi ne ba zai koma cikakken aiki ba, in ya koma yana samun abin da ya wuce ma'aunin talauci na mutum ɗaya, ana iya janye matsayin, CHAMPVA ta bi shi.

CHAMPVA ba ta da kuɗin wata. Ana nema da fom 10-10d, a haɗa da 10-7959c mai bayyana ko akwai wata inshora. Iyali na biyan dala 50 na farko ga kowane mutum a shekara, iyakarsa 100 ga gida, sannan kashi 25 na kuɗin da aka amince, kuma in abin da suka biya ya kai dala 3,000 a shekara, sauran na CHAMPVA ne. Ga gida mai ɗan sikila wannan rufin ya fi komai daraja. Magungunan yau da kullum ana aikowa ta gidan waya kyauta in ba ku da wata inshorar magani. In akwai inshorar wurin aiki, ita ke fara biya, CHAMPVA ta bi baya, amma da Medicaid CHAMPVA ce a gaba. Haƙori ba ya ciki, sai an saya daban. Takardar kuɗin asibiti shekara guda gare ta a miƙa, in kuma cancantar ta koma baya, kwana 180 ne daga sanarwa a tura tsofaffin rasit. Uwargidan ta tura nata na watannin da ba ta da komai, aka maido mata da wani abu.

Hajiya ba ta shiga ba. CHAMPVA ba ta san iyaye ba, TRICARE ma ba ta ba su cikakkiyar inshora. Abin da ake iya samu shi ne ɗan ƙari a kuɗin wata ta fom 21P-509, in an nuna uwar ta dogara da ɗanta. Ɗan marigayi wansa da yake riƙo a Kano ma ba ya ciki, domin riƙon da muka sani ba shi ne doka ta sani ba, sai da takardar kotu. Haka auren da aka ɗaura a masallaci ba a karɓo takardarsa ba: sai an nemo shaidar da hukuma ta yarda da ita, da fassarar Turanci mai hatimi, kuma mace ɗaya dokar ta sani. Masu shirin komawa gida su sani kuɗin VA na bin mutum har Kano ko Yamai ko Kumasi, akwai kuma shirin da ke biyan maganin ciwon aiki a ƙasar waje bayan rajista da fom 10-7959f-1, CHAMPVA ma na aiki a waje, sai dai yawanci kai za ka biya ka turo rasit.

A 2024, kafin shekara uku ta cika, wakilin ya taimaka masa ya cika fom DD-149, yana roƙon hukumar gyaran bayanan soja ta mayar da sallamarsa ritaya, bisa hujjar cewa firgicin na nan tun yana cikin kaki. Kafin a tura sai da suka zauna da alƙalami, domin nasarar ma na da kuɗinta. Wanda ya cancanci TRICARE ba ya riƙe CHAMPVA, ba zaɓi ba ne, ranar da ɗaya ta zo ɗayar ta tafi. Zai sami kwana 90 ya zaɓi ɗaya daga tsare-tsaren TRICARE biyu, Prime ko Select. Kuma tunda yanzu yana karɓar kuɗin nakasa na Social Security, hukumar fansho ta gwamnatin Amurka, bayan wata 24 Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi da nakasassu, za ta zo masa, kuma mai ritaya da ya ƙi sashen B na Medicare, na ganin likita, wanda ya kai dala 185 a wata a 2025, ya rasa TRICARE ɗinsa. Mutane da yawa na mayar da katin suna cewa ai suna da VA, sai daga baya su ji.

Abin da ya rinjayar da uwargidan shekarun yara ne. CHAMPVA na sauke yaro ranar da ya cika 18, sai in yana makaranta, a kai 23, kuma dole makarantar ta riƙa aiko da shaida. Bayan nan babu, sai ga yaron da nakasa ta dindindin ta hana shi dogaro da kansa tun kafin ya cika 18. TRICARE na riƙe shi zuwa 21, ko 23 in ɗalibi ne, sannan ana iya saya masa har 26. Ɗan sikila da ciwo zai iya fitar da shi daga aji tsawon zango guda, shekarun nan uku zuwa takwas ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ritaya ba ta dogara da ko Saje ya koma aiki ko bai koma ba.

Har yanzu ba a amsa ba. A bangon kicin ɗinsu akwai kalanda da uwargidan ta zagaye rana biyu da jan biro: ranar da babbar 'yarsu za ta cika 18, da wata guda kafin ta, ranar da za ta je ofishin makaranta karɓo takardar shaida.